Sunana biyu ne suka hana ni biza

Ranar da aka dawo min da fasfona babu biza a ciki, ban iya wucewa gida kai tsaye ba. Na sauka a tashar Gumel bayan la'asar, na zauna teburin wani mai shayi har aka kira magariba, sannan na hau babur zuwa ƙauyenmu. Idon Baba nake gudu. Shanun huɗarsa biyu ya kora kasuwar Maigatari wata Alhamis ya sayar, ya ƙirga kuɗin ya danƙa min, na haɗa da na riɗin da na noma na kai wa ejan a Kano. Duk garin an san ina shirin tafiya Saudiyya aikin walda, har samari sun fara kirana Alhaji.

Farkon 2022 ke nan. Shekara shida na yi ina koyon walda a hannun maigidana a Kano, na zana jarrabawar gwajin sana'a ta gwamnatin tarayya na samu takarda. Da labarin ya zo cewa wani kamfanin gine-gine a Dammam yana neman masu walda, sai na tattara duk takardun da na mallaka na zuba a leda na miƙa wa ejan. Ban taɓa zama na jera su na karanta ba. A ganina wannan aikinsa ne, tunda don haka na biya shi.

Da na tambaye shi dalilin da ya sa aka hana ni, sai ya ce, "Malam, ai biza rabo ce." Na tambaye shi ko akwai inda ake ɗaukaka ƙara, ya yi dariya. Sannan ya rage murya ya ce in ina so zai nema min bizar Umara, in na shiga sai in saje da mutane kamar yadda wasu ke yi. Ban ba shi amsa a ranar ba, kuma ba zan ɓoye ba, na kwana biyu ina juya maganar a raina. Baba ne ya kashe ta. Ya ce, "Kai yaro, ban sayar da shanuna don ka je ƙasar mutane kana ɓuya kamar ɓarawo ba. In ta ƙofa za a shiga, a shiga. In babu, ga gona nan." Daga baya da na je na ga rayuwar 'yan'uwanmu marasa takarda da idona: mutum ba ya iya buɗe asusun banki, asibiti sai da dabara, in ya hango motar 'yan sanda gabansa ya faɗi, ƙarshe a kama shi a kai shi tarhil, wato gidan tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, a ɗauki yatsunsa, a sa shi a jirgi da kayan jikinsa.

Wanda ya gano min matsalar wani dattijo ne a Gumel, malamin asibiti da ya yi shekaru yana aiki a Jidda kafin ya dawo gida. Na karɓo kwafin duk abin da ejan ya shigar, da ƙyar ma ya ba ni, na kai masa. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya jera takardun ɗaya bayan ɗaya, ya sa tabarau. Ko minti biyar bai yi ba ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, mutum nawa ne za su yi tafiyar nan?"

A takardar firamare da ta gwajin sana'a, sunana ne da na Baba, sai sunan ƙauyenmu a ƙarshe, yadda hedimasta ya rubuta mana tun muna yara. A katin ɗan ƙasa da fasfo kuwa sunana ne, da na Baba, da na kakana. Sunan farkon ma rubutunsa ya bambanta, nan da "u", can da "o". Mu a wurinmu wannan ba komai ba ne. Mutum ɗaya yana da sunan yanka, da sunan rana, da laƙabin da kakarsa ta sa masa, ni Inna ma ba ta taɓa faɗin sunana ba saboda ni ne ɗan fari, kuma ba wanda ya taɓa ruɗewa a kan ko ni wane ne. Amma wanda ke zaune a ofis bai san ni ba, bai san Baba ba, takarda kawai yake gani. Takardar da ta ce ni mai walda ne ta wani mutum ce dabam, ba ta mai fasfon ba. Bayan haka kuma, dattijon ya juya bayan takardar sana'ar ya nuna min fili fetal: babu hatimin tantancewa na ma'aikatar harkokin waje da ke Abuja, alhali na biya ejan kuɗin yin hakan.

Ya ce min in daina tunanin ƙara. Waɗanda suka hana ni ba su zalunce ni ba, abin da aka ba su suka duba. Gyara za a yi a sake shigarwa, kuma a roƙi kamfanin kada ya ba wani gurbina.

Gyaran ya ci kusan wata biyar. Shawarar da ya ba ni ita ce kada in taɓa fasfo da katin ɗan ƙasa tunda su biyun sun dace da juna, sauran takardun za a jawo su bi su. Na je babbar kotu na yi rantsuwa cewa sunayen nan duka nawa ne, na buga sanarwa a jarida, na ajiye shafin jaridar kamar takardar gona. Da kaina na hau mota zuwa Abuja na kai takardar sana'ar aka buga mata hatimi. Kafin in gama wannan zirga-zirgar, takardar gwajin lafiyata ta mutu, domin wa'adinta ba shi da tsawo, dole na sake biya aka sake ɗaukar hoton ƙirji da jini. Wannan ya ƙona min rai ƙwarai, don da na san haka da sai na gama da sauran takardu sannan in yi gwajin a ƙarshe. A damunar nan da jakin maƙwabci da garmar haya muka yi huɗa. Baba bai taɓa yi min gori ba ko sau ɗaya, kuma shirun nasa ya fi min nauyi a kan faɗa.

Karo na biyu bizar ta fito. Kwana 90 ake ba mutum ya shiga ƙasar da ita, ni ko sati uku ban yi ba na tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano.

A can ne na gane biza ƙofa ce kawai. Abin da ke riƙe da mutum shi ne igama, katin izinin zama, kuma kafilinka, wato wanda ya kawo ka, shi ne zai ciro maka ita cikin kwana 90 da shigarka, shi ne kuma zai riƙa sabunta ta. Shekarar farko lafiya lau. Na sayi sa ɗaya na mayar wa Baba, na rufa ɗakin Inna da kwano.

Akwai abin da ban lura da shi ba sai da wani ɗan Sudan da muke ɗaki ɗaya ya ankarar da ni. Wa'adin igama da lissafin Hijira yake tafiya, shekarar Hijira kuma ta gaza ta Bature da kusan kwana 11. Mu da muka tashi muna lissafin azumi da Sallah da wata, sai ga shi a kan takarda na koma ƙirge da kalandar Bature. Ya sa na buɗe manhajar Absher, wadda gwamnatin ƙasar ke nuna wa mutum bayanan takardunsa a ciki, a wayata, na ga saura min kwana tara, ba ashirin da nake zato ba. Na je wajen jami'in kamfanin da ke kula da takardunmu, ya ce gobe in sha Allahu. Goben nan ta kai wata huɗu.

Wahalar zama da matacciyar igama sai wanda ya ɗanɗana. Banki suka rufe asusuna, kuɗina na ciki amma ba halin in taɓa. A daidai lokacin matata ta haihu, sai rance na ci wajen abokan aiki aka tura kuɗin ragon suna ta hannun wani. Daga masauki sai wurin aiki, ko kasuwa ba na zuwa don kada a tare ni a hanya. Albashi ma ya fara tsallake wata. Ban gaya wa kowa a gida ba. In Inna ta karɓi waya ta ce, "Yaron nan, muryarka ba daidai take ba," sai in ce mura ce.

Da na matsa da tambaya sai na fahimci abin da ke faruwa. Kuɗin igama riyal 650 ne a shekara, amma babban nauyin shi ne kuɗin lasisin aiki, riyal 700 ko 800 duk wata a kan kowane baƙon ma'aikaci, ga inshorar lafiya wadda sai da ita ake sabuntawa. Dokar ƙwadago ta ƙasar ta ɗora duk wannan a kan mai ba da aiki, har da tarar jinkiri, wadda take riyal 500 a karon farko, 1,000 a na biyu. Sannan akwai tsarin da suke kira Niɗaƙat, wanda ke auna yawan 'yan ƙasa da kamfani ya ɗauka aiki. Kamfanin da ya faɗa jan layi ba ya iya sabunta lasisin baƙinsa. Namu ya rasa kwangila, ya sallami 'yan ƙasar da yake da su, ya faɗa ja. Duk da haka jami'in nan ya kira mu ɗaya bayan ɗaya ya ce wanda ke son igamarsa ya kawo rabin kuɗin. Mutum uku sun bayar. Har na bar wurin ba a sabunta musu ba.

Wasu suka ce in gudu in nemi aiki a bayan fage. Ɗan Sudan ɗin nan, Allah Ya saka masa da alheri, ya riƙe ni. Ya ce ranar da na daina zuwa aiki za a rubuta ni a matsayin wanda ya tsere, abin da suke kira hurub, daga nan ni ne mai laifi ba su ba. Ya nuna min cewa tun watan Maris na 2021 aka sassauta dokar, kuma ma'aikacin da igamarsa ta mutu ba a sabunta ba, ko aka riƙe masa albashin wata uku a jere, yana iya komawa wani kamfani ba tare da yardar kafilinsa ba. Sai dai a sani, wannan sassaucin na ma'aikatan kamfanoni ne. 'Yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya tsarinsu dabam ne, kuma yawancin mutanenmu da ke tafiya irin waɗannan ayyukan suke samu, shi ya sa nake jin tsoro in na ji yaro ya ce shi ko wace irin biza ce ya samu zai tafi. Sana'ar da aka rubuta maka a biza ita ce za ta bi ka.

A nan ne na yi ƙarar da na so yi tun a Kano. Na shigar da koke a ofishin ƙwadago ta intanet, a kan albashina da igamata. Matakin farko sulhu ne, ana ba shi kwanakin aiki 21, in bai yiwu ba a tura kotun ƙwadago. Abin da ya cece ni shi ne darasin tabarmar Gumel. Tun da na sauka ƙasar nake ajiye komai: kwantiragina da ke kan Qiwa, wato manhajar ma'aikatar ƙwadago, saƙon banki na kowane albashi, hoton kowace takarda da na sa wa hannu. Da wakilin kamfanin ya ce an biya ni a hannu, aka ce ya kawo shaidar sa hannuna, babu. Ba mu kai kotu ba. Aka yi sulhu suka biya ni mafi yawan kuɗina, na yafe ragowar don in samu in wuce. Wani kamfani a Jubail ya turo min tayin aiki ta Qiwa, na amsa a wayata.

Saura ƙiris fasfo ya sake kayar da ni. Tun 2019 na yi shi, na shekara biyar, kuma sabon kamfanin ya ce ba za su iya komai da fasfon da ke gab da mutuwa ba. Na je ofishin jakadancin Najeriya a Riyad na sabunta, na tsaya a kan mai rubutu ina duba kowane harafi na sunana kafin in yarda. Bayan sabon ya fito kuma sai an mayar da bayanansa cikin rajistar hukumar shige da fice ta can, in ba haka ba kwamfutarsu tsohon ta sani. Mutane da yawa sai a filin jirgi suke jin wannan.

Yanzu ina gida hutu, da bizar fita da dawowa. Shanun Baba sun koma biyu a turke. Tun da na zo kusan kullum da yamma sai wani ya yi sallama da leda a hannu. Shekaranjiya ɗan ƙanwar Inna ne, direba, wani ya yi masa alkawarin aiki a Madina kuma har ya fara maganar jinginar da gonar gado. Na shimfiɗa tabarma na jera takardunsa. Lasisin tuƙinsa ya ce an haife shi a 1994, katin ɗan ƙasa ya ce 1998, don ya rage shekaru lokacin da yake neman aikin ɗamara. Ya ce, "Yaya, wa zai tsaya duba wannan?" Na ce kada ya ba kowa ko sisi, kada kuma ya taɓa gonar, sai mun je Dutse ranar Litinin mun ji yadda za a daidaita su.

Ni kuma bizata saura kwana 26 da lissafin wata. Riɗinmu yana tsaye a gona an jingina shi yana bushewa, Baba yana so in tsaya a kaɗe shi da ni. Na ce masa ya yi haƙuri, ƙannena za su yi. Na riga na yanki tikitin da zai sauke ni Dammam da sauran kwana goma a hannuna.