Ɓarnar ganganci a gidan haya: wadda ido ba ya gani ta fi cin kuɗi

A sana'armu ta kula da gidajen haya, abu na farko da muke koya wa sabon ma'aikaci shi ne bambanta tsufa da ɓarna. Fenti ya dushe, famfo yana ɗiga saboda robarsa ta cinye, marfin ƙofa ya saki: wannan lalacewar yau da gobe ce, kuma mai gida ne zai ɗauki nauyinta. Amma a tarar an ɗura gam a ramin makulli, ko an bi tayil ɗin falo da guduma, wannan kuma aikin hannu ne. Galibi ana yin sa ne a 'yan kwanakin ƙarshe, bayan an ba da notis, ko an ƙara kuɗin haya, ko ɗan haya ya riga ya sa a ransa cewa kuɗin ajiyarsa, wato wanda ya ba mai gida jingina saboda ɓarna, ba zai dawo ba.

Fasasshen gilashi da hudajjen silin ba su cika tayar mana da hankali ba, domin ana ganinsu, ana ƙiyasta kuɗinsu nan take. Wadda ke karya mai gida ita ce ta cikin bututu da ta cikin bango.

Mafi muni ita ce zuba siminti a masai ko a magudanar banɗaki. Mutane da yawa na zaton ruwa zai wanke shi, alhali siminti ba iska yake buƙata ba kafin ya daskare, da ruwan ma yake ƙamewa. Yana zama a lanƙwasar da ke ƙarƙashin masai, ko ya gangara cikin bututun mai inci 4 ya kwanta inda gangaren ya yi rauni. Cikin 'yan sa'o'i ya kama, bayan kwana 28 kuwa ya kusa kai iyakar ƙarfinsa. Maganin buɗe bututu na kanti ba ya taɓa shi, asid mai ƙarfi kuma na iya cinye bututun ƙarfe da mahaɗai ya bar simintin. Sau da yawa sai an ɓanɓare tayil, an fasa daɓe, an yanke wannan sashe an sa sabo. Idan bene ne, har silin ɗin na ƙasa sai an buɗe. Abin haushin, wani lokaci toshewar ba ta cika ba, ruwa na wucewa a hankali, sai sabon ɗan haya ya yi mako guda a ciki kafin ƙazanta ta dawo.

Wutar lantarki ma haka take. Akwai mai zare wayoyin jan ƙarfe daga cikin bango ya sayar, akwai mai yanke su daga bayan soket ya mayar da marfin kamar ba a taɓa ba. Shi ya sa ba ma barin kowa ya ɗaga babban makunni sai mai gyaran wuta ya buɗe soket-soket, ya auna layukan da na'urar gwajin rufin waya, wadda a wayoyin gida akan saita ta a kan bolt 500. A duba hatimin mita kuma. Idan an yi haɗin sata, sau da yawa mai gida kamfanin wuta zai fara nema.

Sai wanda ke toshe magudana da tsumma, ya buɗe famfo, ya kulle ƙofa ya tafi. Fumfuna na iya fara tsirowa cikin sa'o'i 24 zuwa 48, katakon kabad ya kumbura, bango kuwa sai ya yi makonni kafin ya bushe ya karɓi fenti. Duk tsawon wannan lokaci gida ba kowa, ba haya, kuma wannan asarar ce masu gida ke mantawa su sa a lissafi.

Ranar karɓar makulli daga ɗan haya, kada a taɓa komai sai an ɗauki hoto da bidiyo, ɗaki bayan ɗaki, da shaida a tsaye. Mai gidan da ya yi gaggawar kiran birkila ya rushe hujjarsa da hannunsa. Daga nan a zuba bokiti mai lita 10 a kowace magudana a lokaci guda, a ga saurin tafiyarsa, a ja ruwan kowane masai sau biyu ko uku. A rufe duk famfuna a kalli mitar ruwa ko tanki. Idan mitar na juyawa ko ruwan tanki na raguwa, akwai yoyo a ɓoye. A leƙa cikin silin da tocila, domin akwai masu jefa ɗanyen nama a can, warin kuma ba ya tashi sai bayan kwanaki. A canza duk makullai a ranar.

Batun biyan diyya kuwa, nan gizo ke saƙar. Kuɗin ajiya ba kasafai yake kai kuɗin fasa daɓe da sake jan waya ba. Inshorar gida da yawa ba ta biyan ɓarnar da wanda aka ba makulli ya yi da gangan, sai in an sayi wannan kariya daban, don haka a karanta takardar tun kafin buƙata ta taso. 'Yan sanda a wurare da dama kan ce rigimar haya ce, a tafi kotu. A kotu kuwa tambayar farko ita ce: yaya gidan yake ranar da ɗan haya ya shiga? Wanda ba shi da takardar lissafin kaya mai sa hannun ɓangarorin biyu, da hotuna masu kwanan wata, da karatun mita, maganarsa ce kawai da ta ɗan haya. Ko an yi nasara, ba a cika biyan kuɗin sabo a kan tsohon kaya ba, kuma samun hukunci daban, karɓo kuɗi daga mutumin da ya sauya gari daban.

A ganinmu, masu gida da kansu na hura wannan wuta. Yanke ruwa, cire ƙofa, ko fitar da kayan mutum waje ba tare da umarnin kotu ba laifi ne a ƙasashe da yawa, yana ba ɗan haya damar kai ƙara, kuma shi ke mayar da wanda ake bi bashi ya koma mai ramuwa. Abin da ya fi aiki shi ne duba gida kowane wata 3 zuwa 6 bayan an sanar a rubuce, da mai tsaya wa ɗan haya wanda ya sa hannu a yarjejeniya, sannan idan an ba da notis a shiga tare da ɗan hayan mako biyu kafin fitarsa, a nuna masa a takarda abin da za a cire daga ajiyarsa da abin da zai karɓa ranar da ya miƙa makulli.