Gishirin da ya ɓata mana gwajin dankali

Mako biyu ke nan, amma har yanzu idan na tuna da kofunan nan shida sai raina ya sosu. Gwajin osmosis ne, wato yadda ruwa ke ratsa fatar ƙwayar halitta zuwa inda abin da ya narke ya fi yawa, na 'yan aji biyu na babbar sakandare, wanda kowane malamin bayoloji ya sani: a yanka dankalin turawa sala-sala, a auna, a jiƙa a ruwan sukari mai ƙarfi daban-daban, a sake aunawa. Dankalin Jos na samo mai kyau, muka fere, muka yanka santimita 5 kowanne. Duk wannan bai ba mu wahala ba.

Matsalar daga wajena ta fito. Takardar aikin ta ce a haɗa ruwan sukari daga mola 0.2 zuwa 1.0 a lita (mola awo ne na yawan ƙwayoyin abu), wato giram 6.8 zuwa 34.2 a cikin mililita 100, a kofi biyar, kofi na farko kuwa tataccen ruwa zalla. Da na duba sito babu sukari, ga gishiri buhu guda. Na ce ai duk ja ruwa suke yi, sai na auna gishirin da awon da aka rubuta wa sukari, giram da giram.

Kofi na ƙarshe ma ya yi mini gargaɗi. Muka dama, muka dama, gishirin ya ƙi narkewa duka, ya kwanta a ƙasa. Ruwa ba ya ɗaukar gishiri fiye da wajen giram 36 a mililita 100, mu kuwa mun kai bakin iyakar. Na gani da idona, na ce wa yaran su ci gaba.

Bayan awa ɗaya, yankin dankalin da ke cikin tataccen ruwa ya yi tauri, ya ƙara nauyi, idan ka lanƙwasa shi sai ya karye. Sauran biyar ɗin duk sun yi laƙwas kamar tsumma. Da aka zo zana giraf na canjin nauyin dankalin, layin ya faɗo ƙasa tun daga kofi na biyu ya kwanta. Wata yarinya mai ƙoƙari ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ka ce akwai inda dankalin ba zai ƙaru ba kuma ba zai ragu ba. A wane kofi yake?" Ba ni da kofin da zan nuna mata.

Da dare na zauna da biro. Mola ɗaya na sukari giram 342 ne, na gishiri kuwa giram 58.5 kacal. Ga shi kuma gishiri idan ya narke rabuwa yake gida biyu, sodiyam da kuloraid, kowanne yana jan ruwa. Ruwa bai damu da nauyin abin da aka zuba ba, yawan ƙwayoyin da suka narke shi ne ke janyo shi ta cikin fatar ƙwayar halitta. Ashe giram ɗaya na gishiri ya ninka na sukari fiye da sau goma. Kofin da na ɗauka mafi rauni, giram 68 ke nan a lita, kusan ninki biyu na ruwan teku mai giram 35. Ina dankali zai iya da wannan?

Abin da ya fi ci mini rai, na san lissafin nan tun ina ɗalibi. Gaggawa ce da ƙyashin fita sayen sukari, suka cinye wa yara arba'in da wani abu darasi biyu a jere.

Ga wanda zai yi gwajin: in gishiri za ka sa, sake lissafin tun daga tushe, ka tsaya tsakanin sifili da giram 3 a mililita 100. Ka goge kowane yanki da tishu kafin awo na biyu, ka kuma yanka duka daga dankali ɗaya. Amma awon gishirin nan shi ne babba.

Ranar Alhamis na sayo sukari da kuɗina, na faɗa wa ajin ainihin abin da ya faru, muka sake. Layin ya sauko a hankali, ya ratsa sifili kusa da mola 0.3. Yarinyar nan ce ta fara ganowa, ta ɗora yatsa tsakanin kofi na biyu da na uku ta ce, "Malam, ga shi nan."