Abin da ke cikin kwalba daban, abin da jiki ya sha daban

Kamfanina ƙarami ne, mu huɗu ne a ofishi mai ɗaki biyu a Gusau, kuma abin da ke ciyar da mu shi ne auna ɗakunan ɗaukar hoton ƙashi a asibitoci masu zaman kansu, mu duba ko radiyeshin yana ratsa bango, mu shirya musu takardun da NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya, ke nema kafin ta ba da lasisi. Amma aikin da ya fi cin tunanina, duk da cewa bai cika kawo kuɗi ba, shi ne sake bin lissafin magungunan ciwon daji masu fitar da radiyeshin, waɗanda ake ba majinyaci ya haɗiye ko a ɗura masa ta jijiya.

Ma'auni biyu ne a wannan harka, kuma mutane sukan haɗa su. Ƙarfin maganin da ke cikin kwalba ana auna shi da bekerel, wannan kuwa na'ura ce ke faɗa. Abin da ƙoda ko ɓargo ko ƙarin dajin kansa ya sha ana lissafa shi da gire, kuma ba wanda zai iya cusa ma'auni a cikin ƙodar mai rai, sai dai a ɗauki hotuna a ranaku daban-daban, a yi ƙiyasi. A nan saɓani ke shigowa.

Wani ɗan kasuwa ya taɓa kawo mini faifan hotunan yayansa da aka yi wa magani da lutetiyam 177 a Indiya. Irin wannan magani, wanda Amurka ta amince da shi a 2018 da sunan Lutathera, ana ba da gigabekerel 7.4, wato bekerel biliyan 7.4, sau huɗu, mako takwas tsakani, ƙato da siriri duk mudu ɗaya, abin da har yau bai kwanta mini ba. Na ba yaron da ke taya ni aiki hotunan, ni ma na ɗauka, kowa ya zauna a gaban kwamfutarsa ya zagaye iyakar ƙoda. Shi ya matse layinsa, ni na saki nawa don kada in bar hasken da ya dusashe a gefe, sai alƙalumanmu suka ƙi haɗuwa. Mutumin ya dube mu ya ce, “Malam, to wanne ne na gaskiya?” Na ce masa, “Alhaji, ba wanda ya yi kuskure a cikinmu, hoton ne ba shi da kaifin da zai raba gardama.” Ba mu kaɗai ba ne: a 2021 ƙungiyar likitancin nukiliya ta Amurka ta raba wa masana a ƙasashe da dama hotuna iri ɗaya, amsoshin suka dawo da bambanci, musamman daga yadda kowa ya shata iyakar gaɓoɓi da yadda ya lissafa fitar maganin daga jiki. Har iyakar gire 23 da ake yawan sa wa ƙoda, aro ce daga maganin da ake haskawa daga waje.

Namu ƙarin matsalar ita ce hanya. Aidin 131, nau'in aidin mai radiyeshin irin wanda likita Saul Hertz ya fara yi wa majinyata magani da shi a Boston a 1941, ƙarfinsa na raguwa da rabi duk bayan kwana takwas, wato jinkirin kwana guda wajen kawo maganin yana cinye kusan kashi takwas cikin ɗari. Lissafi mai kyau yana buƙatar awo na ranakun baya, lokacin da maganin ya fara barin jiki, amma mai ciwon thyroid, ƙwayar da ke maƙogwaro wadda ake yi wa magani da aidin, da ya taso daga Gusau ya bi ta Funtuwa da Zariya da Kaduna har Abuja ba ya da kuɗin masauki na mako guda, don haka yakan dawo da awo ɗaya ko biyu, sauran kuma sai cike gurbi.

Saboda haka na daina rubuta adadi ɗaya tilo a rahotona. Nakan rubuta mafi ƙanƙanta da mafi girma, in bayyana yadda na zagaye gaɓar da ranakun da aka yi awo, sannan in mayar wa likitan da ke kula da majinyacin, domin shi ke yanke hukunci. Wasu likitocin sun nuna ba su so, sun ce lamba ɗaya suke buƙata. Wanda ya matsa, nakan aika masa da zanen ƙodar nan guda biyu, nawa da na yarona.