Asirin wa muke rufawa? Wasiƙa daga Ingila

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana na ƙasar Ringim da kewaye. Ina fata an yi kaka lafiya, hatsi ya shiga rumbu. Mu nan sanyi ya kankama, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe.

Ƙanwata ce ta turo mini hotuna ta WhatsApp: matan islamiyyarmu da samarin gari suna bin zaure-zaure suna magana kan dukan mata da fyaɗe, a cikin kwanaki 16 ɗin nan da ake warewa duk shekara, daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba. Wallahi sai da na yi hawaye. Allah Ya saka muku da alheri. Amma akwai abin da ya daɗe yana cina, kuma yau zan faɗa.

Kafin in taho nan na yi shekaru ina aikin jinya a wani asibitin karkara. Wata rana aka kawo mana yarinya 'yar tallar awara, ba ta wuce shekara 11 ba. Kwana shida ke nan da wani magidanci ya kira ta soro da sunan zai yi ciniki. A cikin kwanakin nan an wanke zaninta, an gasa ta da ruwan bagaruwa, an zauna sulhu har sau biyu, dangin mutumin sun kawo kuɗi da buhun gero, kowa na cewa a rufa asiri. Sai da zazzaɓi ya kayar da ita aka tuna da asibiti. Tun da suka shigo tana riƙe da gefen mayafin uwarta, ba ta saki ba, ko kallona ba ta yi ba.

Iyayena mata, ku ji wannan da kyau. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da cutar ƙanjamau bayan fyaɗe, a cikin awa 72 ake fara shi, wato kwana uku. Idan suka wuce, ya wuce. Wankan da muke yi wa yarinya don tausayi, da wanke tufafinta, su ne ke tafiya da shaidar da alƙali zai nema. A kai ta asibiti a ranar, yadda take. Akwai cibiyar kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe a babban asibitin Dutse, ga kuma cibiyar Waraka a asibitin Murtala na Kano.

Yarinyar nan an cire ta daga makaranta, aka kai ta wajen gwaggonta a wani ƙauye. Shi kuwa yana nan a majalisa, ana ba shi hannu. To asirin wa aka rufa?

Doka akwai ta. Gwamnatin tarayya ta yi dokar hana cin zarafin jama'a a 2015, Jigawa ta yi tata a 2021, Gwamna Badaru ya sa hannu. Ranka ya daɗe Dagaci, da ku masu unguwanni, rikicin gona da bashi naku ne ku sasanta. Fyaɗe ba ya cikin wannan.

Kada a ce na zo Turai na raina gida. Nan ma ina ɗaure raunin matan da mazajensu suka doka. Abin da na koya kawai shi ne, ana keɓe mace ita kaɗai a tambaye ta ko tana zaune lafiya a gidanta. Mu kuwa 'yarmu ta yi yaji da kumburarren ido, kafin ta ajiye ƙunshin kayanta an ce ta yi haƙuri ta koma. Baba, ka tambaye ta tukuna. Malam liman, a faɗa a huɗuba cewa Nana A'isha ta shaida Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ba.

Na roƙi ƙanwata ta samo mai babur amintacce, a ba ungozomomin gari lambarsa, ko tsakar dare ne ya kai yarinya da uwarta asibiti. Kuɗin mai yana wuyana, zan riƙa turowa duk wata.

A gaida kowa da kowa.

'Yarku, daga Manchesta.