Godiyarmu ga duk wanda ya sa hannu a zaman ranar Asabar a Agege

Assalamu alaikum.

Alhamdu lillahi, an tashi lafiya daga zaman da muka shirya wa matasanmu masu aiki a sashen kula da ma'aikata, musamman ɓangaren fansho, inshora da alawus. Muna godiya ga iyayenmu shugabannin al'umma da suka ba mu wuri, da malam liman da ya buɗe da addu'a, da iyayenmu mata da suka ciyar da jama'a. Waɗanda suka taso daga Idi-Araba, Obalende, Mile 12 da Alaba Rago duk da cunkoson hanya, Allah ya ba da ladan zumunci.

Babbar godiya ga yayyenmu da suka daɗe a manyan kamfanonin Ikeja da Victoria Island, domin ba su ɓoye mana komai ba. Hajiyar da ta ɗauki darasin fansho ta warware shi dalla-dalla. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashin wata, ma'aikaci kashi 8, kuma a tura kuɗin cikin ranakun aiki 7 bayan biyan albashi. Wanda ya makara akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 na kuɗin da aka riƙe a kowane wata ba. Amma inda aka fi yin tuntuɓe shi ne jadawalin sunaye. A tura kuɗi daidai, a kuskure lamba ɗaya a PIN ɗin mutum, wato lambar asusun fanshonsa, ko sunansa a kamfanin fansho ya saɓa da na katin NIN, shi ke nan kuɗin ba za su faɗa asusunsa ba, wani lokaci ma ba a ganewa sai ya zo ritaya. Shawararta: kafin a tura, a gwada jadawalin wannan wata da na watan jiya layi-layi, a tabbatar an saka sababbin ɗauka, an cire waɗanda suka bar aiki.

Alhajin da ya yi bayanin inshorar rai ya sa ɗaki ya yi tsit, kuma da dalili. Doka ta wajabta wa kamfani ya yi wa kowane ma'aikaci inshorar da ba ta gaza ninki 3 na abin da yake samu a shekara ba. Idan aka yi sakaci ba a biya kuɗin sabuntawa ba, kamfanin inshora ba zai biya ko sisi ba in an yi rasuwa, nauyin ya koma kan kamfanin da mamacin yake wa aiki, marayu kuma su yi ta zarya. Mu a ganinmu wannan ne wuri mafi nauyi a duk aikin. Ya kuma ja kunne a kan takardar magada: a riƙa tuna wa ma'aikata su sabunta ta bayan aure ko haihuwa.

Tambayar inshorar lafiya ta fi kowace zafi. Yawancin tsare-tsaren HMO, wato kamfanonin inshorar lafiya, ma'aikaci suke ɗauka da mace ɗaya da 'ya'ya 4. Mai mata biyu ko uku fa? Amsar da aka bayar ita ce jami'i ya faɗa wa mutum gaskiya tun ranar ɗaukar aiki, ya nemo masa farashin ƙara sauran iyali daga kamfanin inshorar, kada sai an kai mai naƙuda asibiti a ce babu sunanta. An taɓo kashi 1 na jimillar albashi da kamfani ke biya wa NSITF (asusun diyyar rauni a wurin aiki) da na ITF (asusun horar da ma'aikata), da harajin albashi da ake tura wa hukumar haraji ta jihar Legas kafin 10 ga wata mai bi ya wuce.

Sai maganar ƙarin girma, wadda muka fi so matasa su riƙe. Kunya tarbiyyarmu ce, amma a ofis wanda ya yi shiru a taro ana ɗauka ba shi da abin cewa. Aka ce kowa ya buɗe littafi yana rubuta abin da ya gyara: asusun fansho nawa ya daidaita, nawa ya rage wa kamfani a cinikin sabunta inshora. Ranar auna ƙwazo da wannan za ka zauna gaban ogan ka. A ƙware a Excel sosai, a kuma rubuta jarrabawar CIPM, cibiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata, wadda hedikwatarta ke nan Alausa, don kamfanoni da yawa suna neman ta kafin kujerar manaja. Lokacin sallar Juma'a da sassaucin azumi a neme su a rubuce tun da wuri, cikin ladabi.

Sirri kuma ba a wasa da shi. Albashin mutane da rashin lafiyarsu duk suna gabanka, ko ɗan uwanka ne ya tambaya, amsa ita ce a'a. Wanda aka taɓa kamawa da sakin baki da wuya a sake ba shi amana.

Matasan da suka jera kujeru suka share wuri, da ƙanwarmu da ta ɗauki sauti, Allah ya yi muku albarka. Za a saka sautin a zaurenmu na WhatsApp, kuma mai sauran tambaya ya ajiye ta can, malaman sun yi alkawarin amsawa.

Allah ya saka wa kowa da alheri, amin.

Daga masu shirya zaman