Abin da 'yan ajin turwaziyem suka koya min a Garwa

Shekarata uku ina koyarwa a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Garwa ta Kamaru. Ni ba ma'aikacin gwamnati bane, bakater ne, irin mu ɗin nan da ake biya da kuɗin ƙungiyar iyaye, in an biya kenan. Tarihi nake koyarwa haɗe da ECM, wato ni aka ɗora wa koya wa yara tarbiyya da zama ɗan ƙasa nagari, a ajin turwaziyem, wato aji huɗu na sakandare, mai mutum casa'in da ɗoriya, benci ɗaya mutum huɗu, fanka babu, duk wanda ya san zafin Garwa daga watan Maris ya san abin da nake nufi.

Bara ana saura sati biyu bikin matasa na 11 ga Fabrairu, sauran azuzuwa na can waje suna koyon maci, ni kuma na gaji da rubutu a tablo sai na ce kowa ya yago takarda daga kayensa, wato littafin rubutunsa, ya amsa min tambaya ɗaya, matsalolin da ke damun matasa a garin nan laifin waye? Na ce kar kowa ya sa suna, kuma wanda faransanci ya yi wa wuya ya rubuta da Hausa ko Fillanci, zan nemi mai karanta min. Gaskiya a raina na riga na gama amsa musu, na ce gwamnati za su ce, sai talauci, shi kenan, don mu ma manya a majalisar shayi abin da muke ta nanatawa kenan har dare.

Wlh da na zauna da takardun nan a gida bayan isha'i sai jikina ya yi sanyi. Eh akwai masu cewa gwamnati, wani ma ya rubuta cewa yayansa ya gama jami'ar Ngaundere da lisans, wato digirin farko, amma yanzu haya yake da moto a Yelwa, toh shi don me zai kashe kansa a kan BEPC, jarrabawar ƙarshen ajin turwaziyem. Amma mafi yawansu kansu suka fara kamawa. Laifin mu ne ba ma jin magana, laifin mu ne muna bin abokai, laifin mu ne waya ta ɗauke mana hankali. Kaman hadda. Da farko na ji daɗi na ce ashe darasina na shiga, daga baya na lura kalmomin nan ba nasu bane, namu ne, abin da ake faɗa musu ne a gida da masallaci da wajen taron tutar ranar Litinin, suka kwashe suka dawo min da shi don sun san shi malami ke son ji.

Takardun da suka tsaya min su ne waɗanda suka kauce wa haddar. Wata ta rubuta da Hausa, rubutun duk a karkace, tace ita ta san karatu alhakinta ne amma ita ke ɗebo ruwa, ita ke dafa na safe, ita ke raka ƙannenta uku makaranta, in ta iso an rufe ƙofa surbeyan, mai kula da ladabtar da ɗalibai, ya sa ta durƙusa a rana, wai ita ce marar tarbiyya. A ƙasa ta sa tambaya, Malam wanne zan ajiye? Ban da amsa, har yau ma.

Wani kuma a kan tramol ya yi nasa, kuma bai yi wa'azi ba ko kaɗan, bayani ya yi dalla-dalla kaman likita, yace wanda zai yi dakon buhu a babbar kasuwa ko ya tuƙa moto daga asuba zuwa dare ba don nishaɗi ya fara sha ba, don jiki ya daina ciwo ne, sai ƙwaya ɗaya ta daina yi ya koma biyu ya koma uku, ranar da bai sha ba ko tashi ba ya iyawa, wasu har farfaɗiya take kayar da su a titi. Yace shan laifin mai sha ne, ya yarda, amma mai sayarwa a tebur dattijo ne mai gemu kuma kowa a unguwa na gaishe shi. Haka wiski na leda da gwamnati ta ce ta hana tun 2014, ga ledojinsa nan a bayan katangar makaranta, yaro ne ya buɗe kamfanin?

Sai takardar da ta fi ci min rai, don na gane rubutun duk da ba suna. Yaron bencin baya ne, dogo, kullum barci, na kore shi daga aji ya fi sau biyar, na taɓa ce masa a gaban kowa kai dai ba za ka yi albarka ba in baka canza ba, Allah ya yafe min. Zuwa-zuwa yake sayarwa, man Najeriya ɗin nan na kwalba a bakin titi, teburin kawunsa ne wajen Rumde Ajiya. Ya rubuta cewa da can ribar na isa a ɗauki yaron aiki, amma tunda Tinubu ya cire tallafin mai a watan Mayu 2023 man ya yi tsada daga can, riba ta ragu, kawu ya sallami yaron aikin shi ya maye gurbi, kuma daga teburin nan ake biyan kuɗin makarantarsa. Layin ƙarshe yace, akwai malamin da yake cewa ni malalaci ne amma ranar Alhamis da ƙarfe goma a wurina yake shan mai, bai taɓa tambayata me yasa ba na aji ba.

Ni ne. Ranar Alhamis ba ni da darasin safe, nakan tsaya in sa lita ɗaya a motona don ya fi na gidan mai sauƙi, har ragi yake min, in ce Allah ya yi albarka in wuce. Wallahi ko sau ɗaya ban taɓa haɗa abin biyu a kaina ba, a aji ɗalibi ne mai barci, a titi mai mai ne, kaman mutum biyu daban.

Ba wai ina cewa yaran nan duk waliyyai bane fa. Akwai 'yan gata a ajin da aka ba komai, ba aiki ba wahala, suna kwana a TikTok da cacar ƙwallo su zo su samu 4 bisa 20 su ce malami ne ba ya son su, waɗannan ban sassauta musu ba kuma ba zan sassauta ba. Abin da ya canza shine na daina yi wa mutum casa'in huɗuba ɗaya. Yanzu kafin in buɗe baki a kan alhaki sai na fara tambayar yaro ƙarfe nawa ka kwanta jiya, me ka yi kafin ka zo, da yawa a nan maganar ke juyawa. Na kuma rage yi musu alƙawarin cewa duk wanda ya yi karatu zai samu aiki, suna kallon takalmina ai, sun ga yajin aikin malamai da ake kira OTS na 2022 da idonsu lokacin da malaman gwamnati ma suka ajiye alli a kan haƙƙoƙinsu, balle mu bakater.

Na je na samu kawun yaron bayan la'asar, muka gaisa na ce Alhaji alfarma na zo nema, a bar min shi da safe ko zuwa jarrabawa ne. Ya yi shiru yana juya mazurari a hannu, sannan yace Malam in na bar maka shi kai za ka zauna a teburin? Mun dai rabu a kan kwana uku a sati, Alhamis ba ta ciki.

BEPC bai samu ba, bana yana maimaita ajin, ya dawo benci na biyu da kansa ba ni na ce ba. Satin da ya wuce mai ya ƙare min daidai wajen teburin nasu ƙarfe goma saura, na tsaya ina tunanin ko in tura moton zuwa gaba, sai ya hango ni ya ɗago kwalba yana dariya yace Malam lita ɗaya ko biyu?