Dunƙulen hannu a ƙarƙashin tambarin Coca-Cola

Karon farko da na ga hoton wani zane na Wang Guangyi a intanet, na ɗauka tsohuwar fostar farfaganda ce ta ƙasar Sin da wani ya yi wa ƙari don raha. Mutum uku ne masu faffaɗan ƙirji da murɗaɗɗun damatsa, ma'aikacin masana'anta da manomi da soja, an zana su da baƙin layi mai kauri a kan launin ja da ruwan ɗorawa, sun ɗaga hannuwa sama kamar masu shirin ruguza wani abu, ga kuma tambarin Coca-Cola zaune daram a tare da su. An barbaɗa ƙananan lambobi a jikin zanen, irin waɗanda ake bugawa a kwalin kaya kafin a loda shi a jirgin ruwa.

An haifi Wang a birnin Harbin na ƙasar Sin a shekarar 1957, don haka yana yaro aka fara juyin juya halin al'adu na Mao Zedong, jagoran Sin na lokacin, wanda ya ɗauki shekara goma daga 1966 zuwa 1976. Da irin waɗannan fostoci ya buɗe ido. Ya kammala makarantar koyon zane ta Zhejiang a 1984, lokacin da sauye-sauyen tattalin arziki da sabon jagoran ƙasar, Deng Xiaoping, ya soma a 1978 suka riga suka buɗe wa kayan waje ƙofa: Coca-Cola ta koma kasuwar Sin a 1979, McDonald's mai sayar da abinci kuma ta buɗe shagonta na farko a ƙasar a birnin Shenzhen a 1990. A wannan shekarar ce Wang ya fara jerin zanen da ya kira "Babbar Suka", sunan da ya aro daga kalmar da ake kiran gangamin la'antar maƙiyan juyin juya hali da ita a zamanin Mao. Bayan Coca-Cola sai Marlboro da Kodak da wasu manyan kamfanonin Yamma suka biyo baya, kowanne da nasa rukunin jarumai.

Abin da ya riƙe ni a zanen shi ne yadda ya ƙi faɗin ɓangaren da yake. Mai kallo zai iya cewa mutanen nan sun fito yaƙi ne da lemon kwalba da sigari, wani kuma ya ce talla suke yi musu, kuma kowannensu yana da hujja a jikin ƙyallen, domin fuskokin ba su sauya daga na tsofaffin fostocin ba, ɗaga hannun ma bai sauya ba, rubutun da ke jiki kawai aka musanya. A fahimtata, a nan sukar take. Wang yana nuna cewa mai farfaganda da mai talla dabara ɗaya suke amfani da ita, wato launi mai ɗaukar ido da gajeren take da alkawarin cewa gobe za ta fi yau daɗi, sai dai ɗaya biyayya yake nema, ɗayan kuma aljihu. Tun da na lura da haka, duk lokacin da na tsaya a cunkoson motoci na ga fostar ɗan takara manne a gefen allon tallan taliya, sai in tsinci kaina ina kwatanta murmushin da ke jikinsu.

Ba shi ne ya fara sanya kayan kanti a zane ba. Andy Warhol ya zana gwangwanayen miyar Campbell guda 32 a Amurka tun 1962, amma shi a cikin wadatar kasuwa ya yi aikinsa, yayin da Wang ya ga sauyin da idonsa, daga zamanin da ake sayen hatsi da takardar rabo zuwa zamanin manyan kantuna.

Akwai inda nake da ja. Bayan an nuna ayyukansa a baje kolin zane na birnin Benis da ke Italiya a 1993, attajiran Turai da Amurka suka yi caa a kansu, farashi ya yi ta hauhawa a gidajen gwanjo, shi kuma ya ci gaba da fitar da salo ɗaya yana sauya tambari, har jerin ya koma tamkar hajar da yake suka, sunan mai zanen ma ya zama wani tambarin da ake saye don a yi tinƙaho da shi a falo. Wasu na ganin wannan ma wani ɓangare ne na saƙon, ni dai ban gamsu ba, domin wanda ya biya maƙudan kuɗi ya rataye zanen a bango bai ji zafin sukar ba ko kaɗan. Da alama Wang ma ya hango hakan, tunda a 2007, lokacin da kasuwar zanen Sin ke kan ganiyarta, ya dakatar da jerin ya koma wasu ayyukan.